Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiya: Wa Ke Zuwa Neman Waɗanda Suka Daina Zuwa Sujada?

Iyayenmu fastoci, dattawan ikkilisiya, iyayen zumunta, da kwamitocin bishara na ikkilisiyoyin da ke sujada da Hausa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna gaishe ku da aiki, muna gaishe ku da haƙurin jama'a.

Mu da muka rubuto muku wannan takarda masu bishara ne, da malaman ajin baftisma, da matan zumunta masu fita ziyara, daga ɗariku dabam-dabam. Magana ɗaya ce ta kawo mu. Kowace Lahadi, kafin a sa albarka, magatakarda yakan tashi ya karanta rahoto: maza kaza, mata kaza, yara kaza, baiko naira kaza. Waɗanda suka zo ke nan. Waɗanda ba su zo ba kuwa, babu mai ƙirga su, babu kuma wanda aka ɗora wa nauyin ya je ya ga ko lafiya. In aka ce "bishara" a zaman majalisa, hankalin kowa sai ya tafi wani ƙauye can bayan dutse, ko ga gangamin kwana uku da lasifika. Ƙauyen nan yana da hakki a kanmu, ba mu musa ba. Amma tsakanin ƙofar majami'a da bakin titi akwai gidajen mutanen da mu muka yi musu baftisma, mu muka ɗaura musu aure, kuma rabonsu da sujada shekara biyu, uku, wani ma tun jana'izar mahaifiyarsa. Roƙonmu shi ne a mai da neman mutanen nan aikin ikkilisiya na dindindin, mai littafinsa, mai ma'aikatansa, mai kasonsa a kasafin kuɗi.

Kafin a fita, a san wa za a nema. Kuskuren farko shi ne a tattara su duka a kira su "masu ja da baya". Ruwa ba ya tsami banza, dalilansu kuma ba iri ɗaya ba ne.

Wasu aiki ne ya riƙe su. Mai tuƙa Keke Napep ɗin wani yana da balas da zai kai wa mai keke da yamma, safiyar Lahadi kuma lokacin samun fasinja ne, masu zuwa cocin ma su ne fasinjojinsa. Haka mai gadin da ya kwana ido biyu, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da ɗan sandan da aka girke a ƙofar majami'a yana tsaronmu, da yarinyar aikin da uwar ɗakinta ta bar wa tukunya ta tafi sujada, da manomin rani da dole ya ba lambu ruwa kafin rana ta take, da samarin da ke kwana a ramin kuza a ƙasar Filato.

Wasu rashi ne ya zaunar da su. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kai iyali mai mutum shida coci a dawo da su ya zama abin lissafi. In an daure an zo, ga baiko na fari, ga na biyu, ga na gini, ga katin zakka, ga kuɗin zanen zumunta, ga ambulan na godiyar kaka. A wurare da yawa da rawa ake fita baiko, layi bayan layi, kowa na ganin wanda ya zauna. Wani wurin har a karanta sunaye da abin da kowa ya bayar. Magidancin da ba shi da ko sisi ba zai taɓa ce muku kunya ce ta hana shi ba. Zai ce jikin ne ba daɗi.

Wasu horo aka sa su aka manta da su. Yarinya ta yi ciki, an sanar a gaban jama'a, an mai da ita bencin baya, an hana ta Jibin Ubangiji. Ba a faɗa mata ranar da horon zai ƙare ba, ba a ba ta wadda za ta riƙa zama da ita ba. Sau da yawa yaron da ya yi cikin yana nan yana kaɗa ganga cikin mawaƙa. Sai ta yi wata uku tana zuwa tana raɓewa a baya, daga nan a daina ganinta, uwarta ma ta bi sahu. Gidan mai mata biyu ma haka: hukuncin da aka yanke wa maigida yakan kori matan da 'ya'yansu gaba ɗaya, alhali babu wanda ya ce su tafi.

Wasu ƙaura ce ta raba su da ikkilisiya. Rikicin Kaduna na 2000 ya kwashe iyalai ya mai da su kudancin kogin Kaduna, su Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi da Gonin Gora. Na Jos na 2001 da waɗanda suka biyo baya sun sake wa unguwanni zama. A 2014 mutanen Gwoza, Madagali, Michika da Mubi suka watsu zuwa Yola, Maiduguri, Jos, Abuja da Minawao a Kamaru, har hedkwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, da ke Kwarhi sai da aka fice daga cikinta na wani lokaci. Mutumin da yake dattijo a ƙauyensu, mai kujera a gaba, ya wayi gari a Mararaba ko Masaka, kusa da Abuja, babu wanda ya san sunansa. Ya shiga coci sau biyu, an ce baƙi su miƙe, an tafa musu, shi ke nan. Wani kuma an ce ya kawo takardar sheda daga ikkilisiyarsa ta dā, wadda aka ƙone har da littattafanta.

Sai tsofaffin da ƙafa ta gaza, da makafi, da kurame, da guragun da matakalar ƙofarmu ta fi ƙarfinsu. Sai matasan da gidan kallon ƙwallo da shagon caca suka janye, wasu kuma ƙwaya da giyar nan goskolo. Sai waɗanda aka ɓata wa rai: an yi musu rasuwa ba wanda ya leƙo, ko an yi zaɓen dattawa bisa ƙabila, ko an hau mumbari an yi siyasa.

Gangamin bishara ba ya kai wa ga yawancin mutanen nan, ga kuma dalili. Hayar kujeru da rumfa, janareta da mai, lasifika, fosta, masauki da abincin baƙon mai wa'azi, sai kuɗin bishara na shekara ya ƙare cikin kwana uku. Masu cika filin galibi 'yan zumunta ne na cocin da na maƙwabta, cikin zanensu. Wanda kunya ta hana shiga majami'a ba zai zo ya tsaya ƙarƙashin fitila a gaban 'yan unguwa ba. Waɗanda suka fito gaba kuma, a gaggauce ake rubuta su cikin duhu: "Yohanna, Tudun Wada", babu lambar waya, babu kwatance. Katunan su kwanta a kabad ɗin ofis har Ista. Wanda ya fito gaba daren Asabar, in kwana uku suka wuce ba a taka gidansa ba, da wuya a sake samunsa. Don haka in dole sai an yi gangami, a tanadi masu ba da shawara tun kafin a buga fosta, mutum ɗaya ga masu fitowa biyar, kowanne da tocila da biro. Katin ya kasance da gurbin kwatance irin na gaske, "bayan injin niƙa, gida mai jar ƙofa". A raba katunan ga masu bin sawu a daren, kafin a kashe janareta.

Iyayenmu sun san wannan. Shirin bisharar nan, Sabon Rai Don Kowa, da ya tashi a farkon shekarun 1960, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje ya fara, da koyar da kowane mai bi yadda zai ba da shaida, sannan fita gida gida. Babban taro daga baya yake zuwa. Yau a ikkilisiyoyi da yawa abin da ya saura ƙungiya ce mai waƙa da ake ba minti biyar ran Lahadi, aikin da aka tsara don kowa ya koma kan mutum goma sha biyar. Ubangiji biyu-biyu ya aiki almajiransa (Luka 10:1), Bulus kuma ya tuna wa dattawan Afisa cewa ya koyar da su a fili da kuma gida gida (Ayyukan Manzanni 20:20).

Aikin da littafi yake farawa. A ware Asabar biyu. Magatakarda, Uwar Zumunta, shugaban matasa, malamin makarantar Lahadi da tsofaffi biyu masu sanin gidaje su zauna su buɗe littafin baftisma, da na aure, da na miƙa jarirai, na shekara goma da suka wuce. Kowane suna a sa shi a rukuni ɗaya cikin biyar: yana zuwa, ya ƙaura, ya koma wata ikkilisiya, ya rasu, ba ya zuwa ko'ina. Wanda ya koma wata ikkilisiya a yi masa fatan alheri a bar shi, ba janye tumakin juna muka fito yi ba. Na rukuni na biyar su ne aikinmu. A sabon littafin a rubuta suna, kwatancen gida, sana'a, yaren da mutum ya fi ji, wanda ya fi kusa da shi a cikin ikkilisiya, ranar da aka je, da alkawarin da aka yi masa. Kada a rubuta laifin kowa a ciki. Littafin ya zauna a kulle wurin mutum ɗaya, kada kuma a ɗauki hotonsa a tura zauren WhatsApp. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu ya san abin da jerin sunaye da kwatancen gidaje zai iya haifarwa in ya faɗa hannun da bai kamata ba.

Daga nan a raba ikkilisiya unguwa-unguwa, gida goma zuwa goma sha biyu ga mai kula ɗaya. In suka haura goma sha biyar, mai aikin sa kai ba zai iya ba, zai yi wata biyu ya gaji. A kafa ƙa'ida mai sauƙi: Lahadi uku a jere ba a ga mutum ba, a kira shi a waya, Lahadi shida, a je da ƙafa. Wanda aka je wa a wata na biyu yakan ce an damu da shi. Wanda aka je wa bayan shekara biyu yakan ce, "Sai yau?"

Wajen zaɓen masu ziyara, mai riƙe sirri ya fi mai iya magana. Wanda ke bin gidan bashi, ko suke rigimar fili, ko ya taɓa neman 'yar gidan, kada a aike shi. A tafi biyu-biyu, mata wurin mata. Namiji ba ya shiga wurin matar aure mijinta ba ya nan, ko da fasto ne, ko da rana tsaka ne. A ba su koyarwa ta Asabar huɗu, awa biyu-biyu, rabin lokacin a yi shi a gwaji: wani ya zama maigida mai fushi, wasu biyu su gwada shiga. Muna kuma ba da shawara kada Baba Fasto ya zama na farkon zuwa. In ya shiga gida, sai a rikice, a share tsakar gida, a kama kaza, kowa ya ce "da yardar Allah za mu zo ran Lahadi", ba a faɗi gaskiya ko ɗaya ba. A ajiye zuwansa sai an san inda matsalar take.

Lokaci ma abin lura ne. Manomi da damina sai bayan ƙarfe biyar na yamma, ban da ranar kasuwa. Ma'aikacin birni, yammacin Asabar. Mai keke a same shi a tasha da tsakar rana sa'ad da fasinja suka yi sauƙi. Kada a faɗa gida lokacin cin abinci, domin gidan da tuwon bai isa ba zai shiga kunya. A koma kafin duhu.

Ga yadda ziyarar farko take. A je da kayan gida, ban da zanen zumunta ko rigar ƙungiya, domin a gidan haya mai ɗaki goma yunifom yana sanar da kowa cewa an zo wa mai zunubi. A yi sallama a jira izini. A zauna inda aka nuna, ko kan turmi ne. In an kawo ruwa a sha. A yi gaisuwa cikakkiya, a tambayi yara da sunansu, abin da ya sa ake duba littafi kafin a fito ke nan. Sannan babba cikin biyun ya ce, "Baba, kwana biyu ba mu gan ka ba, shi ya sa muka ce bari mu zo mu gaishe ka." Ya yi shiru. Tambayar "me ya sa ba ka zuwa coci?" tana mai da baƙo alƙali, daga nan kare kai kawai za a ji. Amsar farko kusan kullum ta fita kunya ce: aiki ne, jiki ne. A karɓe ta haka. In mutum ya buɗe ciki ya fara zuba a kan wani dattijo, kada a kare dattijon, kada kuma a taya zagi. Ana iya cewa, "Mun ji, kuma bai kamata a yi maka rasuwa a rasa mai zuwa ba. Ka yarda mu kai maganar gaba, ko mu bar ta a nan?" Abin da ya zaɓa shi za a yi.

Minti ashirin zuwa talatin sun isa. A nemi izini kafin a yi addu'a, a kuma gajarta ta. Akwai masu ɓoye wa'azi a cikin addu'a, su ɗaga murya suna cewa "Ya Uba, ka raba bawanka da giya" matarsa da maƙwabta na ji. Wanda aka yi wa haka ba zai sake buɗe ƙofa ba. Kada a kai ambulan, kada a ɗauki hoto, a ziyarar farko ko gayyata zuwa sujada ba dole ba ce. A koma bayan mako biyu, sannan bayan wata guda. In bayan zuwa uku ya ce a ƙyale shi, a ƙyale shi da mutunci, amma ranar sunan ɗansa, ko ciwonsa, ko rasuwa a gidansa, a ga ƙafarmu. Zumunta a ƙafa take.

Inda aikin ya fi mutuwa shi ne bayan an dawo. Masu ziyara sun kwaso koke, sun kawo majalisa, majalisa ta ce "za a duba". In haka ta faru sau biyu, masu ziyara sun zama maƙaryata a idon mutanen da suka amince musu, su ma sai su janye. A sa zaman awa ɗaya kowane wata, a faɗi irin dalilan da aka ji ba tare da tona asirin kowa ba, a fita da abu ɗaya da za a gyara da sunan wanda zai gyara shi. Yawancin gyaran kuwa a cikin majami'a yake, a hannunku.

Ga masu aiki, a buɗe gajeriyar sujada ta awa ɗaya, ƙarfe shida na safe ko biyar na yammar Lahadi, ko wata rana a tsakiyar mako. A riƙa ba da Jibin Ubangiji a cikinta, fasto kuma ya riƙa yin wa'azin da kansa wani lokaci, in ba haka ba za a ɗauke ta sujadar 'yan bora. Babbar sujadar ma a dube ta. In tana cin awa huɗu, ku auna da agogo, za ku tarar sanarwa da gaishe-gaishen manyan baƙi sun fi wa'azi tsawo.

Game da kuɗi, baiko ɗaya ya isa a sujada ɗaya. Na gini da sauransu a sa akwati a bakin ƙofa. A daina karanta adadin abin da mutum ya bayar. Zanen zumunta kada ya zama sharaɗin zama cikin mata. Yaƙub 2:1-4 ba ya bukatar sharhi.

Horo kuwa a ba shi ranar farawa da ranar ƙarewa bisa tsarin ɗarika, a rubuta, a faɗa wa mai shi. A haɗa shi da mutum ɗaya da zai riƙa ganinsa kowane mako. Laifin mutum biyu a hukunta mutum biyu. In a gaban jama'a aka sanar da horon, a gaban jama'a za a karɓe shi, da farin ciki. Bulus da kansa ya ce hukuncin ya isa, a yafe, a ta'azantar, don kada baƙin ciki ya haɗiye mutum (2 Korintiyawa 2:6-8). Muna roƙon kowane magatakarda ya bi tsofaffin littattafan zaman majalisa ya fitar da sunan duk wanda aka sa a horo ba a rubuta ranar maido shi ba. Wasu fastocin da suka sa horon an yi musu canji sau biyu, wasu sun rasu.

Ga waɗanda suka yi gudun hijira, shaidar mutum biyu da suka san su ta tsaya a madadin takarda. A ba su aiki, domin wanda ya saba ɗaukar nauyi ba ya jimre zaman ɗan kallo. A bar su su yi waƙa da Margi, ko Kamwe, ko Glavda sau ɗaya a wata. Ga guragu, a zuba gangara a ƙofa ɗaya: kowane tsayin santimita 10 yana son tsawon mita 1.2, wato matakala mai santimita 30 tana bukatar mita 3.6. In ta fi haka tsaye, keken zai koma da baya. Ikkilisiyar da ta buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953 bai dace a ce jikokinta sun kasa zuba siminti buhu kaɗan ba. Tsofaffi da marasa lafiya a kai musu Jibin Ubangiji gida duk ranar da aka ci a majami'a. Wanda ba ya karatu a sa masa Littafi Mai Tsarki na saurare a katin waya, a kuma nuna masa yadda ake kunnawa, kada a miƙa a tafi.

Wanda ya daɗe bai shiga majami'a ba, zumuntar gida ta fi masa sauƙin farawa. Mutum takwas zuwa goma sha biyu, awa ɗaya, sau ɗaya a mako. A karanta gajeren nassi daga Markus ko Luka sau biyu, a yi tambaya uku: me ya faru a nan, me ya nuna mana game da Yesu, me za mu yi da shi a makon nan. A yi wa juna addu'a a tashi. Ban da baiko, ban da girki, ruwa ya isa, domin in gida ɗaya ya dafa shinkafa, gida na gaba zai ce ba shi da hali. Abu uku ke kashe ta: jagora ya mai da kansa mai wa'azi ya cinye lokacin, ko ta rikiɗe ta zama adashe, ko ta girma ta fara ganin kanta coci. In sun kai goma sha biyar a raba, dattijo kuma ya riƙa leƙawa. A sanar da mai gidan haya da mai unguwa, a bar ganga da lasifika a majami'a.

Matasa sai an je inda suke, kuma sa'anninsu ne za su je. Ƙwallon unguwa da haɗa yaro da mai shagon walda ko ɗinki sun fi dogon faɗa amfani. Wanda ƙwaya ta kama yana bukatar addu'a da likita duka biyu. Ɗaure shi da mari ko dukansa zalunci ne. Kada mai ziyara ya kuskura ya ce wa mai farfaɗiya, ko mai taɓin hankali, ko mai shan maganin ƙanjamau ya ajiye magani domin an yi masa addu'a.

Za a tarar da yunwa a gidaje. A kafa asusun jinƙai na hatsi da kuɗi, mutum uku su sa hannu kafin a fitar, mace ɗaya a cikinsu, a kai a asirce. Kada a ɗaura taimakon da zuwa sujada. Masu ziyara kuma su kame bakinsu daga alkawarin aiki ko kuɗin makaranta da ba a hannunsu yake ba.

Akwai kuma maƙwabtanmu da ba Kirista ba, Musulmi da masu bin addinin gargajiya. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa, da sake shi, da yaɗa shi. Amma mun san ƙasar da muke ciki. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 daga taron wa'azi a Kwalejin Ilimi ya faro, ya bazu har Zariya, Kaduna da Funtuwa. Manzo Bitrus ya ce a ba da amsa ga mai tambaya, da tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Don haka babu zagin abin da wani yake girmamawa, babu juya lasifika wajen gidansa, babu jan yaron wani ba da sanin iyayensa ba, babu sayen zuciya da buhun masara. Asibitocin mishan na Vom da Galmi sun sami amincin jama'a ne domin suna duba duk wanda ya zo. A je ta'aziyya, a je barka, a biya bashi a kan lokaci. In maƙwabci ya yi tambaya don kansa a amsa masa a natse, in ya ce a'a, maƙwabtaka na nan yadda take. Wanda kuma ya zo da ƙafarsa yana son ƙarin sani, kada a tsai da shi gaban jama'a ya ba da shaida ana ɗaukarsa a waya. Masu tafin za su koma gidajensu lafiya, shi ne zai kwana da abin da ya biyo baya.

Kada ku sa ran rabin mutanen littafin za su dawo a shekarar farko. Wasu sai an yi shekaru, wasu za su koma wata ikkilisiya, wannan ma riba ce. Abin da za a auna shi ne gida nawa aka shiga, sau nawa aka koma, koke nawa aka gyara.

Ga abin da muke roƙo a sa a ajandar zamanku mai zuwa. Kowace ikkilisiya ta kammala littafinta cikin wata uku. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin bishara don ziyara: kuɗin mota, katin waya, da asusun jinƙai. Majalisun gunduma su ƙara layi biyu a takardar rahoton da ake aiko musu, adadin gidajen da aka ziyarta da adadin waɗanda aka maido daga horo, su kuma riƙa tambayarsu kamar yadda suke tambayar kason baiko. Makarantun horar da fastoci, su Bukuru, Kagoro, Gindiri da Kwarhi, su sa kowane ɗalibi ya bi ƙwararriyar mai ziyara daga zumuntar mata na zango guda kafin a ba shi takarda. In akwai gundumar da ke son a koyar da masu ziyararta, akwai irinmu a kusan kowace ikkilisiya, a neme su ta hannun Uwar Zumunta da shugaban Sabon Rai.

Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi da hikima. Ku huta lafiya.

Mu ne 'ya'yanku da abokan aikinku,
Wasu masu bishara, malaman ajin baftisma, da matan zumunta masu ziyara